Babbar kasuwar Maraɗi, da waɗanda ba a ƙidaya ba

Iyayena maza da mata, Alhazai, shugabannin ƴan kasuwa da ke zaune nan gaba, ƴan uwana matasa. Na san akwai waɗanda sunka rufe shago tun kafin la'asar don su zo, akwai kuma waɗanda sunka bar tebur a hannun yaro. Allah ya mayar muku da cinikin da kuka bari.

An ce in yi magana a kan babbar kasuwar Maraɗi, yadda take a da, da yadda ta koma yanzu. Da anka faɗa mini sai da na yi dariya, don a cikin zauren nan akwai mutanen da sun fi shekara 40 suna shiga kasuwar kullum, ni kuwa ban cika 30 a duniya ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa. Amma akwai gefe guda na kasuwar da na sani ƙwarai, gefen ƙasa, wurin masu tabarma da faifai, don a nan na tashi. A kansa zan tsaya. In na kauce, ku iyayena ne, ku gyara mini.

Kakata, wadda ta haifi babana, kayan miya take saidawa: kuka, busasshen guro, daudawa, tonka, kanwa, wani lokaci da zogala in mutanen Jiratawa sun kawo da araha. Ba ta da shago, ba ta da ko rumfar kanta. Wani ɗan gurbi ne a bakin rumfar wani mai hatsi, faɗinsa bai wuce tabarma ɗaya ba, kuma ta fi shekara 20 tana zaune a wurin. Idan an yi hutun lakwal ni ke ɗaukar mata kwando. Tana gaba ina baya, tana ce wa mutane ga maigidanta nan, raggon miji, ko kuɗin cefane ba ya badawa. Kun san wasan kaka da jika.

Ranakun Litinin da Juma'a su ne kasuwa ke ci sosai. Tun ana sallar asuba za ka ji ƙarar amalanke da kukan jakai daga hanyar Tibiri, daga Safo, daga Madarunfa da Ɗan Isa. Mutanen Jibiya da na Katsina su iso da hantsi. Idan ka shiga, hancinka ke gaya maka inda kake kafin idonka. Warin fata ya ce ka iso wurin dukawa, hayaƙin tsire ya ce ga mahauta nan kusa, ƙamshin soyayyar gujiya ya ce ka kusa masu ƙuliƙuli da mai. Ga layin ƴan koli, ga ƴan bosho suna ɗaga riguna suna kiran farashi, ga teloli da kekunansu, ga matan Fulani da ƙoren nono, ga kantun gishiri da dabino da sunka keto hamada daga Bilma. Ƴan canji na zaune da damin naira da na sefa, kuma a wancan lokaci mai tattasai ma tana karɓar kowanne, ta yi lissafin a kai ba tare da ta tambayi kowa ba.

Lissafi ma a nan na koye shi kafin lakwal ta koya mini. Malam ya ce 100, kasuwa ta ce dala ashirin. Malam ya ce 1000, kasuwa ta ce jikka. Duk yaron da ya yi zaman kasuwa ba a kada shi a ninkin biyar.

Abin da ban gane ba sai da na girma shi ne yawan abubuwan da tabarmar nan ke riƙe da su. Kakata ba ta iya rubutu ba, amma tana bin mata fiye da goma bashi a lokaci guda kuma ba ta taɓa rikita na wata da na wata ba. Mace ta zo daga ƙauye da tiya biyu ta hatsi, ta saida wa mai rumfa, ta juyo ta sayi kayan miya, abin da bai cika ba a bari sai kasuwa mai zuwa. Da yamma ba a kwashe kaya zuwa gida, mai hatsi ke tura kwandunan cikin rumfarsa ya rufe, kuma bai taɓa karɓar ko dala ba. Ita kuma in ya tafi masallaci ita ke tsare masa awo. Akwai adashe tsakanin matan layin, da shi anka yi wa ƴan mata da yawa kayan ɗaki, da shi anka biya mini kuɗin littattafai shekarar da na shiga kolej. Idan rigima ta tashi kan awo ko kan gurbi, dattawan layi ke kashe ta nan take, ba a kai ta komisariya. Babu ɗaya daga cikin wannan da ke rubuce a takarda. Ku riƙe wannan magana ta takarda, za mu dawo kanta.

Shekarar 2005 ina ƙarami, amma abu biyu sun zauna mini. Na farko, a watan Maris, lokacin da ƙungiyoyin farar hula sunka tashi kan harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da anka ɗora wa kayan masarufi, anka kira ranar zaman gida. Ban taɓa ganin kasuwa shiru ba sai rannan. Na biyu, da damina ta kama, buhun hatsi ya doshi jikka 30. Matan ƙauye da muka saba gani da tiyar hatsi sunka koma zuwa da akuya, daga baya da kwanonin ɗakinsu. Hatsi kuwa yana nan jibge a rumfuna, kuɗin saye ne babu. Tun kafin rediyo ta fara cewa akwai yunwa a jahar Maraɗi, duk wanda ke zaune a layin kakata ya riga ya sani.

To, bari in ɗan koma baya, don matasan da ke nan su san cewa kasuwar ba daga sama ta faɗo ba. Tsohon garin Maraɗi a cikin fadamar Gulbi yake. A 1945 ruwa ya ci shi, Turawan mulkin mallaka sunka maido gari bisa tudu, sunka yanka tituna miƙaƙƙu, anka ware filin kasuwa. Abin da ya cika ta da kuɗi a wancan zamani gujiya ce. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA ke saye, amma ba su ke shiga ƙauyuka ba. Ƴan gari suke ba kuɗi, su kuma su raba wa yaransu, a bi kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna. Bayan samun ƴancin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta karɓi harkar. Sai farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975, sunka karya noman. Kasuwa ba ta mutu ba, ta juya ta fuskanci kudu: atamfa, sigari, shinkafa su tsallaka Najeriya, man fetur da kayan masana'antu su shigo. Nan ne manyan Alhazan garin nan sunka yi ƙarfi.

Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kansu a 1986, sunansa Les Alhazai de Maradi. Na karanta shi ina jami'a. Abin da ya fi kama ni a ciki abu ne da kowane dattijo a nan ya sani ba sai ya karanta ba, wato da yawa daga cikin waɗannan attajirai ba gadon dukiya sunka yi ba. Yaro ya fara da talla ko dako, wani ubangida ya lura da amanarsa, ya ba shi kaya ya kai ƙauye, ya dawo da kuɗi cif. Shekara ta zagayo a ba shi jari kaɗan. Ya kafa tebur, tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama kanti, wata rana a ji ya sauke farali, shi ma yana da yaransa. Ba kowa ke kaiwa can ba, kuma kada mu yi wa zamanin kwalliya, akwai barorin da sunka tsufa suna barori. Amma tsanin yana nan, kuma matakinsa na farko a ƙasa yake, inda mai dala ɗari zai iya taka shi. Ina roƙon Alhazan da ke nan gaba, kowa ya tuna inda ya fara.

Tsohuwar kasuwar tana da aibinta, ban zo in ɓoye ba. Da damina taɓo har idon sawu. Makewayi sai a hankali. Wayoyin lantarki a sarƙe kan rumfunan kwano da katako, ga hanyoyi ƙunci, in wuta ta tashi motar kashe gobara ba ta da ta inda za ta shiga. Kuma mun ga abin da wuta ke yi. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai 1987 anka buɗe sabuwa, ta sake kamawa a 2009. Ƙaramar kasuwar Yamai ta ƙone a 2012. Saboda haka da magana ta fito cewa za a rushe tamu a gina ta zamani, ban ji wanda ya ce a'a ba. Kakata ma murna ta yi. Ta ce ko ba komai za ta huta da ɗaga kwando duk lokacin da hadari ya haɗo.

Ina kolej anka fara aikin. Kafin a rushe, wasu mutane sunka zo da manyan littattafai suna bin layi layi suna rubuta sunaye. Ina nan ranar da sunka iso layinmu. Sunka rubuta mai hatsi, sunka auna rumfarsa. Kakata ta gyara zama tana jiran a tambaye ta. Ɗaya ya dube ta ya ce, “Iya, ke ina lambar rumfarki?” Ta ce ba ta da rumfa, nan take zama. Ya ce to masu rumfa ake rubutawa. Sai ta kwance bakin zanenta ta fiddo tikitin ranar, wanda ta biya dala goma da safe, ta ce, “Wanga fa, ɗana? Kullum sai na biya shi.” Ya ce tikiti ba takardar wuri ba ce. Bai yi mata tsawa ba, har ya ce ta yi haƙuri. Sunka wuce rumfa ta gaba.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba, abin da anka ba shi ya cika shi ya cika. Littafin nasa ne ba shi da layin da za a rubuta irin kakata. Ku lissafa da ni: dala goma, wato 50 na sefa, a kowace rana. Ko kwana 300 kawai ta fito a shekara, jikka 15 ke nan. A shekara 20, jikka 300. Kuma ba ita kaɗai ba ce, su ne mafi yawa a kasuwar in ana ƙirga kawuna. Da safe in an zo karɓar kuɗin tikiti ana ganinsu sarai, ba a taɓa tsallake tabarma ko ɗaya ba. Ranar rabon wuri ce kawai ido bai kai kansu ba.

Ga yadda abin ke tafiya, kuma duk wanda ya bi labarin sake gina kasuwa a ƙasar nan zai gane shi. Mai zanen gini shaguna yake ƙirgawa, don shago ake sa wa lamba, shi ake ba haya, da hayarsa ake lissafin yadda kuɗin ginin za su dawo. Mai tabarma ba ta cikin wannan lissafi, in an tuna da ita a ware wani rumbu guda a gefe, wanda ba zai ɗauki ko rabinsu ba. Sannan a kwashe mutane zuwa wurin wucin gadi, a ce na ɗan lokaci ne. Gini kuwa ba ya ƙarewa a ɗan lokaci. Cikin shekarun jira, mai jari ya jure, mai ƙaramin jari ya cinye nasa. Masu saye su saba da wata hanya. Maƙwabtan da sunka shekara 20 tare, wannan ya faɗa gabas wancan yamma, adashe ya watse, bashin da ke tsakani ya bi ruwa. Ranar da anka buɗe sabuwar kasuwa, da fenti da ƙofofin ƙarfe, sai a ce a kawo kuɗin haya na watanni a gaba, da patanti, da takardu. Wanda ke da su ya shiga. Kuma kowa a nan ya san wani da ya samu shago alhali bai taɓa saida ko allura ba, ya juya ya ba ɗan kasuwa na gaskiya haya a kan ninki. Ba zan kira suna ba, ku ma kada ku kira, ba shi ya tara mu ba.

Mai hatsin ya samu shago, Allah ya sa masa albarka, haƙƙinsa ne. Amma shagon siminti mai ƙofar ƙarfe ba shi da baki irin na rumfa, in ka shimfiɗa tabarma a gabansa ka tare hanya. Ya so ya taimaka, ba hali. Kakata ta koma bakin titi, wajen katanga, tare da sauran. A can rana ta fi zafi, ƙurar motoci na sauka kan kuka da daudawa, kuma kowane ƴan watanni a zo a ce su tashi sun hana zirga-zirga. Su tashi, bayan kwana uku su dawo, don ba su da wani wurin. Tikiti kuwa bai daina zuwa ba. Bayan shekara biyu ta ce ƙafafunta sun gaji da gudu, ta koma saidawa a zauren gida. Cinikin da take yi a rana guda a kasuwa, a gida sai ta yi mako ba ta yi shi ba. Ta rasu ina shekara ta biyu a jami'a, Allah ya jiƙanta da sauran iyayenmu.

Idan kuka ji ana cewa ƴan tebur da ƴan talla sun ɓata gari, sun cika tituna, ku tambaya daga ina sunka fito. Da yawansu a cikin kasuwa suke da. A Yamai, a 2016, an rushe dubban kiyos da rumfunan bakin titi da sunan gyaran birni, ana shirin karɓar taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019. Birni ya yi kyan gani, ba musu. Amma wanda anka rushe wa kiyos da safe, da dare sai ya ci abinci, shi da iyalinsa. Mu ma nan mun ga kwalliyar da anka yi wa gari lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin 18 ga Disamba na 2015. Tituna sun samu kwalta da fitilu, muna godiya. Tambayata ita ce wa anka tambaya kafin a ja layi.

Kada in ɗora wa gini laifin komai. Akwai abubuwan da sunka canza kasuwar nan waɗanda ba ruwansu da siminti, kuma babbansu iyaka ce. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, duk abin da ya taɓa can sai ya taɓa mu. Iyayenmu na tuna rufewar 1984 zuwa 1986, wadda ta haɗu da fari har anka sa wa yunwar suna El Buhari. Mu kuma mun ga tamu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe wasu a Disamba 2020, amma ƙofar Jibiya, wadda ita ce tamu, sai Afrilu 2022. Ba mu gama numfasawa ba sai ga takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yuli 2023, iyaka ta sake rufewa har Maris 2024, har wutar lantarki anka yanke. Ga kuma naira. Ina yaro jikka ɗaya ta sefa naira 300 da ƴan kai ce. A 2024 ta haura naira 2000. Bakatsinen da ke zuwa Litinin ya cika mota da wake da aya da awaki, yanzu kuɗinsa ba su sayen rabin abin da suke saya. Babban ɗan kasuwa in hanya ta toshe yana da wata, yana da sito, yana da wanda zai kira a waya. Mai tebur, in mako biyu sunka wuce ba ciniki, jarin ne ke shiga tukunya.

Garin ma ya yi girma. A ƙidayar 2012 mutanen birnin Maraɗi sun kai dubu 267, yau kuwa ku dubi inda Ali Ɗan Sofo da Zariya sunka kai. Matar da ke can ƙarshen gari ba za ta biya adaidaita zuwa da dawowa don kayan miyan dala arba'in ba, a unguwa za ta saya. Sannan ga waya. Ƙannena mata yanzu a WhatsApp suke ganin atamfa da takalma, a turo kuɗi ta Nita ko Amana, ɗan kabu-kabu ya kawo har ƙofar gida. Ni ban ga laifin wannan ba, matan aure da yawa da ba su fita sun samu sana'a ta nan. Sai dai wanda ke saida kuka da kanwa ba ya ɗaukar hotonsu ya sa a waya, kuma matar ƙauye mai tiya biyu ba ta da wanda za ta tura wa saƙo. Su har yanzu wuri suke bukata, ƙasa ƙafa huɗu inda mutane ke wucewa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ba ta tsufa ba, gine-ginen ba su ƙare ba. Damagaram an sake gina Kasuwar Dole, Tawa ma ta samu sabuwa, kuma kowace komin tana mafarkin tata. A nan Maraɗi akwai ƙananan kasuwannin unguwa da wata rana za a ce su ma a gyara su. Ga layin dogo na Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, da anka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Duk ranar da jirgin nan ya iso, inda tasharsa ta tsaya nan ciniki zai koma, kuma filin da ke kewaye da ita zai yi tsada tun kafin a ji ƙararsa. In ba mu yi magana yanzu ba, littafin nan marar layi shi za a sake ɗaukowa.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Kafin a taɓa kowace kasuwa, a rubuta duk wanda ke zaune a cikinta, mai kanti da mai faifai, kuma a yi rubutun a ranar kasuwa, ba ranar Laraba da rana tsaka ba lokacin da mutanen ƙauye ba su nan. Wanda ke karɓar kuɗin tikiti ya san fuskar kowa, a tafi da shi. Tikitin kansa ya zama shaida: in hukuma ta yarda ta karɓi kuɗinka shekara da shekaru a wuri guda, ta yarda ke nan kana wurin. Sunayen da anka rubuta a manna su a ƙofar kasuwa, a karanta su a rediyo da Hausa, a ba mutane lokaci su ce an manta da wance, ko wane ba ɗan kasuwar nan ba ne. Haka ma ranar rabo, a manna wa ya samu lamba kaza. Abin da anka yi a fili ba ya bukatar rantsuwa.

Sannan a zanen kansa, a bar fili. Rumfa mai faɗi, mai inuwa da famfo da makewayi, a bakin ƙofa inda jama'a ke shiga, ba can bayan gini inda ba mai zuwa ba. A bar biyan ya zama na rana rana yadda sunka saba, don mai jarin jikka biyar ba ta iya biyan wata shida a gaba. Injiniyoyinmu sun iya, ai ba a ce musu su yi ba ne. Akwai ƴan uwana da muka gama jami'a tare da sunka karanci gine-gine da tsarin birane, wasu na zaune a zauren nan, ba aiki. Ku je ku zauna da matan bakin katanga ku tambaye su ina rana ke faɗowa da ƙarfe biyu, ta ina masu saye ke shigowa. Za su zana muku kasuwa a ƙasa da tsinke.

Ku kuma shugabannin ƴan kasuwa, iyayena, da girmamawa nake faɗa. Idan magabata sunka kira taro ku ake kira, ku ke shiga ofis. In an duba ƙungiyoyinku, mata nawa ne masu kayan miya a ciki? Ƴan dako nawa? Ku ɗauki biyu ko uku ku shiga da su, su yi magana da bakinsu. Ba za su rage muku komai ba. Mai shigowa sayen tonka ita ce ke wucewa ta gaban kantinku ta ga atamfa, kun fi ni sanin haka. Tun da anka fitar da su waje, nawa ne daga cikinku sunka fiddo tebur bakin titi suna bin masu saye, ga shago a ciki ana biyan haya?

Mu matasa namu aikin shi ne rubutu, tunda shi muka iya. Mun yi shawara da wasu abokai, daga Juma'a mai zuwa za mu fara zagaya bakin kasuwa da littafi, bayan an sauko daga masallaci. Za mu tambayi kowace mai tabarma da kowane mai tebur abu huɗu kawai: me kake saidawa, tun yaushe kake nan, a ina kake kafin nan, nawa kake biya a rana. Wanda bai so a rubuta sunansa ba, ba dole, za mu rubuta sana'ar kawai. In mun gama za mu kawo muku nan ku gani kafin mu kai ko'ina. Muna bukatar ƴan mata a cikin aikin, don iyayenmu mata sun fi sakin jiki da su, muna kuma bukatar dattijo ɗaya ko biyu daga cikinku da za su yi mana jagora ranar farko, kada a ɗauka masu karɓar haraji ne sunka canza riga. Mai so ya same ni a bakin ƙofa in an tashi.